Hanne a Layin Ashraf

A Toranke, in dai maganar fim ce, to abin da Hanne ta faɗa shi ne magana. Ba ta yi boko ba, waya ma sai an danno mata lamba, amma in ta ce fim ya yi kyau sai matan unguwa duk sun gan shi. In kuwa ta taɓe baki ta ce shirme ne, ya mutu ke nan, ko da a Kano ana rububinsa. Bayan la'asar ake kife turmi a tsakar gidanta a ɗora 'yar talabijin mai aiki da sola, mata su zazzauna kowa da farantin gyaɗarta tana ɓarewa. Rabin abin da ke kawo su kallo ne, rabi kuwa bakin Hanne.

"Ku duba min matar nan," in ji ta. "Wai jiya mijinta ya rasu, ga jan-baki rangaɗaɗau. Wa ya yi mata kwalliyar, masu zuwa gaisuwa?"

Ko kuma ta nuna da ɓawon gyaɗa ta ce, "Wai ƙauye ne nan. Tukunya ko baƙin hayaƙi babu a gindinta. Da iska suke dafa tuwon?"

Sai tsakar gida ta kaure da dariya, har Malam Inuwa mai gidan ya yi gyaran murya daga zaure. Shi ma dai dariyar yake yi, kowa ya sani.

Mai kawo finafinan Kubura ce, ƙanwar Malam Inuwa, wadda mijinta ke da rumfa a kasuwar Ajingi kusa da masu tura fim a memori. Tsakaninta da Hanne akwai wasan ƙanwar miji da matar wa, kuma sun riƙe wasan nan da gaske, har furfura ta fito musu ba su daina tsokanar juna ba.

A shekarar nan babu abin da ya kama zukatan mutane kamar wani shiri mai dogon zango da samarin Gaya suke yi, mai suna Iyakar Gona. Rigima ce ta maƙwabta biyu a kan wata ɗorawa da ta fito daidai kan iyaka, kuma duk wanda ya taɓa noma ya san irin wannan rigimar ba ta da ƙarshe. Taurarin shirin biyu ne. Akwai Ashraf, wani farin yaro ɗan birni mai fitowa a ɗan boko, wanda 'yan mata ke sa hotonsa a fuskar waya. Akwai kuma Mudassir, mai fitowa a Bubayero, manomi mai taurin kai da zai sa ka dariya har cikinka ya ƙulle, kafin ka farga kuma ya sa ka share ido.

To, Mudassir ɗin nan ɗan Hanne ne na fari, kuma a nan gizo yake saƙar. Gidansu Fulani ne da suka zauna tun zamanin kakanni. Shanun sun ƙare, Fulatancin ma ya tafi, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Tunda Hanne ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ya tashi yana ce wa uwarsa Adda kamar wata yayarsa. In dole ta kama a ambace shi, sai ta ce "wancan". Ba ta yabonsa, ba ta tsayawa su haɗa ido, in ya zo gaishe ta ma bango take amsa wa. Ba ƙiyayya ba ce, ita dai haka ta ga uwarta ta yi, haka kuma ta san mutunci.

Saboda haka duk lokacin da Bubayero ya bayyana a talabijin, sai Hanne ta tuna ba ta ba awaki dusa ba. Ko ta sunkuya cikin faranti tana tsintar abin da babu. Matar da ba ta barin ko bara-gurbin ɗan wasa ya wuce ba ta yi masa sharhi ba, sai ka ji ta tsit. Abin da matan ba su sani ba shi ne, da hantsi in gida ya watse, kowa ya tafi gona, takan jawo talabijin ɗin cikin ɗaki ta rage murya ta kalli wuraren da ta tsallake. Ta yi dariya ita kaɗai, ta yi hawaye ita kaɗai, sannan ta mayar da shi inda yake ta lulluɓe da zane.

Wata ranar Laraba bayan an gama cirar gyaɗa, Kubura ta shigo ba dariya a fuskarta, abin da ba a saba gani ba.

"Matar Yaya, yaronki ya zo wurina jiya."

"Yaron wa? Ni ina da yaro ne?"

"Ki bar wannan, da gaske nake. Ya ce min, 'Goggo, Adda ba ta son aikin nan nawa. Kowa a shirin ta yi masa magana, ko yabo ko zagi. Ni ko zagin ban samu ba. In na fito tashi take.' Ya ce shi ba zai ci gaba da abin da uwarsa ke kau da kai a kansa ba. In an gama bikin Gaya zai ajiye."

Hanne ta ci gaba da tankaɗe kamar ba ta ji ba, amma maganar ta soke ta sosai. Ta san yadda yaron nan yake son aikin, ta kuma san ya iya, iyawar da ita kanta take mamaki. A ce ya bari saboda ita? Ranta ya ɓaci, da shi da kanta da ma Kubura da ta kawo labarin.

"Ki kira shi ki gaya masa mana," in ji Kubura.

"In gaya masa me? Da wane bakin? Ke dai Kubura ba ki da ta ido."

"To zauna nan da ta idonki."

Bikin da ake magana na Ƙungiyar 'Yan Kallo ta Gaya da Ajingi ne, wadda duk bayan kaka take karrama gwarzon ɗan wasan shekara. Bara ta waya aka yi zaɓen, aka kusa ba hammata iska, don an ce wani mai shagon caji ya jefa ƙuri'a da duk layukan da aka kawo masa. Shi ya sa bana shugaban ƙungiyar, Alhaji Abdulmuttalib, ya ce babu waya babu takarda. Ɗan wasa zai tsaya a fili, masu sonsa su yi layi a bayansa, maza gefe mata gefe, a ƙirga ido na ganin ido. Waɗanda suka kai zagayen ƙarshe kuwa su ne Ashraf da Mudassir.

Da Hanne ta ji tsarin sai ta ga Allah ya kawo mata mafita. Ba sai ta kira suna ba, ba sai ta buɗe baki ba. Za ta bari layi ya yi tsawo, ta lallaɓa can ƙarshe ta shige cikin mata ta ja mayafi. Daga baya Kubura ta kai masa labari cewa an ga Adda a layinsa, shi ke nan magana ta ƙare, mutunci bai zube ba. Har ta yi wa kanta murmushi don jin daɗin wannan dabara.

Ranar bikin matan Toranke suka cika adaidaita-sahu har huɗu, an sha lalle an sha turare, ana tafe ana gardama. Wata ta ce Ashraf ya fi iya kallon soyayya, wata ta ce kallon soyayya ba ya cika rumbu. Aka tambayi Hanne, ta ce ita rana ce ta dame ta. A Gaya suka tarar da filin makaranta ya cika maƙil, ga rumfuna, ga masu rake da masu awara, ga lasifika tana ta ƙara. Mutanen ƙauyen Gafasa ma sun zo da yawansu. Can gaba 'yan wasan biyu suna tsaye, Ashraf cikin farar shadda yana ɗaga wa 'yan mata hannu, Mudassir kuwa da shuɗiyar riga yana ta murza hula a hannu. Hanne ta gan shi ta gefen ido, ta ga ya rame kaɗan, ta ce a ranta ba ya cin abinci yaron nan.

Maza suka fara yin nasu layin, aka duba aka ga kusan kunnen doki ne. Kowa ya gane mata ne za su raba gardama. Hanne ta fara ja da baya tana neman inda za ta ɓuya, sai ta ji lasifika ta ambaci sunanta.

"Jama'a, yau muna da babbar baƙuwa," in ji Alhaji Abdulmuttalib. "Duk wanda ke kallon fim a ƙasar Ajingi ya san Inna Hanne ta Toranke. In ta ce fim ya yi, ya yi. Don girmamawa, ita za ta buɗe mana layin mata. Inna, bismilla!"

Aka sa tafi da guɗa. Mata suka dare suka buɗe mata hanya, ta tsinci kanta ita kaɗai a tsakiyar fili, idon Gaya da Ajingi duk a kanta. Ga surukai, ga dattawan da suka san uwarta, ga 'yan hoto sun ɗaga wayoyi. A ce ta taka a gaban wannan taro ta je ta tsaya a bayan ɗanta na fari, ita ce ma ta farko? Kafin zuciyarta ta gama shawara ƙafafunta sun yanke hukunci. Ta sunkuyar da kai, ta wuce sumui-sumui ta tsaya a bayan Ashraf.

Ita a lissafinta kara ta yi, irin wadda kowace uwa mai kunya za ta yi, kuma kowa zai gane. Abin da ta manta shi ne shekara da shekaru ta koya wa matan nan cewa inda ta sa ƙafa nan ne daidai. Matan Toranke suka dubi juna, suka ce lallai Inna ta ga wani abu da ba su gani ba, suka bi ta ɗuu. Na Gafasa suka ga na Toranke sun tafi, suka rufa musu baya. Kafin ka ce kwabo layin Ashraf ya miƙe har ya lanƙwasa ta bayan rumfar masu rake. A bayan Mudassir kuwa Kubura ce da wasu tsofaffi da ba su kai a kira su layi ba.

Hanne ta ɗago ta saci kallo. Mudassir ya waiwaya sau ɗaya, ya ga inda take, ya yi wani ɗan murmushi na wanda aka tabbatar masa da abin da yake tsoro, ya sa hularsa ya juya. Wannan murmushin ya fi mata kuka ciwo. Hankalinta ya tashi ƙwarai.

"Ke, ku fita daga nan," ta ce da matar da ke bayanta ƙasa-ƙasa. Barira ce, wata mai ƙosai daga Gafasa da ta kutso gaba. "Ku koma can."

"Mu koma ina, Inna? Ai ke muke bi."

"Na ce ku koma can layin!"

"A'a, in can ya fi, me ya kawo ki nan? Ke dai kin san abin da kika gani. Mu ba ma motsawa."

Sai ga Kubura ta ratso fili tana tafe tana gyara ɗaurin ɗankwali, idonta yana ƙyalli irin na mai shirin mugunta. Ba wurin Hanne ta nufa ba, wurin shugaba ta je ta yi masa raɗa. Alhaji Abdulmuttalib, wanda bai san dawan garin ba, ya washe baki ya taho da abin magana a hannu.

"Madalla! An ce Inna ba ta zaɓe sai da dalili. Inna, gaya wa jama'a, me ya sa Ashraf ya fi?"

Ya miƙa mata. Hanne ta harari Kubura harara mai cewa za mu haɗu a gida, Kubura ta mayar mata da murmushi har kunne. To, abu ɗaya ne Hanne ba ta iya ba a duniya, shi ne a tambaye ta ra'ayinta a kan fim ta yi ƙarya.

"Yaron nan Ashraf," ta fara, "yana da kyau, tubarkalla. Yana da ladabi. Haƙoransa farare." Aka yi dariya. "Amma fisabilillahi, wa ya koya masa riƙon garma? Ya riƙe ta kamar za ta cije shi. Damina guda ya yi yana huɗa a shirin nan, rigarsa ko gumi ba ta yi ba. Kuma in zai yi kuka sai ya leƙo mu tukuna ya ga ko muna kallo."

Dariya ta ɓarke, shi kansa Ashraf ya dafe ciki ya durƙusa. Hanne kuwa bakin ya riga ya buɗe, kuma in ya buɗe ba ya rufuwa da wuri.

"Amma wancan," ta ce, ta nuna da haɓa ba tare da ta duba ba. "Wancan na can. Ku tuna ranar da uwar Bubayero ta rasu. Wani ne da sai ya faɗi yana birgima yana yage riga. Shi bai yi ba. Ya karɓi gaisuwa da idonsa a bushe, yadda mazan ƙauye suke yi. Sai bayan kwana uku ya koma gona, rana ta take, ya ajiye fartanya ya je gindin ɗorawa ya zauna yana kallon hanya, don lokacin ne take kawo masa fura. Ya manta ba za ta zo ba. Yana zaune sai ya tuna. Hannunsa kawai ya duba, ya tashi ya koma aiki. Wa ya koya masa wannan? Ni na kalli wurin nan ya fi a ƙirga, kuma ban taɓa kallonsa idona bai kawo ruwa ba."

Mudassir yana tsaye ƙiƙam, bai juyo ba.

"Ba wai ba shi da laifi ba ne," ta ƙara, don kada a ce ta yi son kai. "Yana saurin magana in ya yi fushi, rabin zancen a cikinsa yake tsayawa. Kuma ranar shari'a a gidan mai unguwa, mutumin da aka ce bashin taki ya hana shi barci, ina ya samo sabuwar hula? Amma in gaskiya ake so, duk shekarar nan ban ga ɗan wasa kamarsa ba. Ban gani ba. Ku kuma da kuka biyo ni kamar tumaki, ba ku da idanu ne?"

Barira mai ƙosai ce ta fara rangaɗa guɗa, ta tattare zane ta ruga. Sai layin ya ɓalle gaba ɗaya. Mata suna gudu suna dariya, takalma suna tsinkewa, masu goyo suna riƙe da goyo, kowa na son ta riga wata. Har wasu daga layin maza suka saci jiki suka sauya, ana yi musu ihu. Aka bar Ashraf da 'yan matansa masu amana, da kuma Hanne a gaba, tsaye ita kaɗai kamar an dasa ta.

"Mama, kin kashe min kasuwa," in ji Ashraf yana share hawayen dariya. "Wallahi ni ma da ana yi, can zan koma. Don Allah ki tafi, kada ki sa a ce na riƙe ki."

A lokacin ne wani ya raɗa wa Alhaji Abdulmuttalib ko wace ce ita a wurin Mudassir. Ya riƙe baki ya ce, "Subhanallahi, Inna, ki yafe ni, ban sani ba." Labarin ya bi layi daga baki zuwa kunne, waɗanda ba su sani ba suka sani, kowa yana jiran ya ga abin da za ta yi.

Hanne ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ji kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma ta taka. Ta nufi ƙarshen layi, matan suka ƙi, suka riƙa turo ta gaba hannu zuwa hannu har sai da ta kai daidai bayansa, inda in ta miƙa hannu za ta taɓa rigarsa. Nan ta tsaya, ta juya masa baya tana fuskantar matan.

Mai ƙirga ya iso yana taɓa kafaɗar iska yana lissafi, ya tsaya a kanta yana sosa ƙeya.

"Inna, wanda ya juya baya ban san yadda zan yi da shi ba. Kina ciki ko ba kya ciki?"

"Ƙirga ni, ɗan nan," in ji Hanne. "Duk filin nan babu wanda ya riga ni tsayawa a bayan yaron nan."

Kubura, sarkin tsokana, sai ga ta tana share ido da bakin mayafi. Ba a ma gama ƙirgar ba Ashraf ya zo ya kama hannun Mudassir ya ɗaga sama, filin ya ɗauki sowa, masu ganga suka saki kiɗa. Mudassir yana dariya hawaye na zuba, bai damu ya goge ba. Bai juyo ya dube ta ba, don ya san ba za ta so ba. Ya ɗan karkato kai wajen Kubura ya ɗaga murya yadda za ta wuce Kuburan.

"Goggo, ki gaya wa Adda, bayan sallah za mu fara ɗaukar zango na biyu. Da ni za a yi."

Kubura ta buɗe baki za ta isar da saƙo, Hanne ta riga ta.

"Na ji," ta ce, kuma ba da Kubura take ba. "Allah ya yi maka albarka."